Daga Gyangyaɗi Zuwa Mafarki: Yadda Likitoci Ke Karkasa Barci da Yadda Hausa Ke Kiransa

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Dogarawa da maƙwabtanta Malbaza da Birnin Ƙonni da Illela, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, idan aka ce yaro yana kwana, to barci yake yi. Wanda kuma ya ce yana jin kwana, barci ne a idonsa. A Kano da Zariya kalmomin biyu sun raba aiki: kwana shi ne wuce dare a wani wuri, barci kuwa shi ne rufewar ido da gushewar hankali, shi ya sa Bakano zai ce ya kwana bai yi barci ba, maganarsa ta zauna daidai. Wannan bambancin karin harshe sananne ne ga ɗaliban ilimin harsuna.

Abin da ba a cika dubawa ba shi ne akwai wani rabon na dabam da likitoci suka yi wa barci, inda suka kasa shi zuwa matakai masu suna N1 da N2 da N3 da R. Rabon Bahaushe da rabon likita kan haɗu kullum a ɗakin duba marasa lafiya, ko a ƙaramin asibitin ƙauye, ko a asibitin Galmi da ke cikin ƙaramar hukumar Dogarawa, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950. Maras lafiya ya zo da kalmomin gida, ma'aikacin lafiya kuma ya yi karatunsa da Faransanci ko Ingilishi. Wannan maƙala ta bayyana yadda likitoci ke karkasa barci, sannan ta nuna inda rabon nasu ya dace da na Hausa da inda suka saɓa. Bahaushe ya raba barci da abin da ido da kunne ke shaidawa, likita kuma ya raba shi da abin da ƙwaƙwalwa ke yi a ɓoye. Sun dace a wurare da dama, amma sun rabu a kan barcin mafarki.

2.0 Barci a Bakin Bahaushe

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage. Akwai hamma da miƙa, masu sanar da zuwan barci ko tafiyarsa. Akwai gyangyaɗi, wanda ake kira angaje, wato lokacin da kai ke faɗuwa mutum yana tallafo shi. Akwai rurumi, barcin da bai kankama ba. Akwai ƙailula, barcin tsakar rana, kalmar da aka aro daga Larabci. Akwai barcin zomo, na wanda ƙaramin motsi ke tayarwa, akwai kuma likimo, wanda ba barci ba ne, kwaikwayonsa ne. Abubuwan da ke faruwa a cikin barcin su ma suna da sunayensu: minshari da sambatu da mafarki da magagi da dannau da fitsarin kwance.

Ginin jimla ma yana nuna yadda ake kallon al'amarin. Sau da yawa barci ne ke zama aikau, mutum ya zama karɓau: barci ya ɗauke shi, barci ya kwashe shi, barci ya sace shi. Daga nan aka sami karin maganar da ke cewa barci ɓarawo ne. Ma'aunin da Hausa ke amfani da shi kuma iri biyu ne, nauyi da nisa. A ce wane yana da nauyin barci, ko a ce barcinsa ya yi nisa. Duka biyun suna auna abu guda, wato wahalar da za a sha kafin a tayar da mai barcin.

Makarantun ilimi na zaure sun ƙara wa wannan ma'auni tsari. Ɗalibin da ya karanta Ishmawi, ɗaya daga cikin ƙananan littattafan fiƙihun Malikiyya da ake farawa da su a ƙasar Hausa, ya san an kasa barci gida huɗu a babin abubuwan da ke warware alwala. Ana duba nauyinsa da tsawonsa. Mai nauyi yana warware alwala ko ya yi tsawo ko bai yi ba, maras nauyi gajere ba ya warwarewa, maras nauyi mai tsawo kuma an so a sake alwala bayansa. Malamai kan bayyana alamar nauyin da cewa mutum ya daina jin muryoyin da ke kusa da shi, ko abin da ke hannunsa kamar carbi ya suɓuce bai sani ba, ko yawu ya zubo masa. Wannan rabo ne mai ƙa'ida da alamomi, kuma duk alamominsa na zahiri ne. Barci a nan tsani ɗaya ne, daga sama-sama zuwa nauyi.

3.0 Yadda Rabon Likitoci Ya Samo Asali

Likitoci ma da ido suke auna barci har zuwa ƙarni na 20. Abin da ya sauya lamarin shi ne gano cewa ƙwaƙwalwa tana fitar da wutar lantarki ƴar kaɗan, wadda za a iya naɗa daga fatar kai. Hans Berger, likita a birnin Yena na Jamus, shi ne ya fara naɗar wannan lantarki a jikin ɗan Adam a 1924, ya buga sakamakon a 1929. Na'urar tana zana layi mai hawa da sauka a kan takarda kamar igiyar ruwa, kuma fasalin igiyar yana sauyawa gwargwadon halin da mutum ke ciki.

A 1937 Alfred Loomis da abokan aikinsa a Amurka suka naɗi barcin mutane, suka kasa abin da suka gani gida biyar, daga A zuwa E. Har lokacin ana ɗaukar barci a matsayin gangara guda. A 1953 ne Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman na Jami'ar Shikago suka ba da labarin wani abu da ya rushe wannan fahimta. Sun lura cewa a wasu lokuta cikin dare ƙwayar idon mai barci tana kai da kawo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, igiyoyin ƙwaƙwalwarsa kuma su koma kamar na farkakke. Idan aka tashe shi a wannan lokaci, galibi zai ce mafarki yake yi. A 1957 William Dement da Kleitman suka nuna cewa wannan yanayi yana zuwa yana komawa sau da dama a dare bisa tsari. A 1959 Michel Jouvet a birnin Liyon na Faransa, wanda ya yi bincikensa a kan kyanwoyi, ya nuna cewa a daidai wannan lokacin tsokokin jiki suna sakewa gaba ɗaya.

Saboda kowane ɗakin bincike yana da nasa sunaye, sai aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Allan Rechtschaffen da Anthony Kales, wanda ya fitar da littafin ƙa'idoji a 1968. Littafin ya ware farke, da matakai huɗu daga 1 zuwa 4, da barcin motsin ido. An yi aiki da shi kusan shekara 40. A 2007 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, AASM, ta fitar da sabon littafi, ta haɗe mataki na 3 da na 4 suka zama ɗaya, ta kuma kawo haruffan da ake amfani da su a yau.

4.0 Yadda Ake Yin Gwajin

Wanda za a yi wa gwajin yakan kwana a wani ɗaki na musamman. Ana manna masa ƙananan wayoyi a wurare uku da rabon matakai ya dogara a kansu: a fatar kai domin igiyoyin ƙwaƙwalwa, a gefen idanu domin motsinsu, da kuma a haɓa domin sanin ko tsoka a ɗaure take ko a sake. Ana ƙara wasu na'urorin masu auna numfashi da bugun zuciya da iskar da ke cikin jini da motsin ƙafafu, amma waɗannan domin gano cuta ne, ba domin sanya wa mataki suna ba.

Da safe sai a yanka abin da aka naɗa zuwa gaɓoɓi, kowace gaɓa sakan 30. Wannan adadi gadon zamanin takarda ne, domin takardar na'urar tana tafiya da saurin milimita 10 a sakan, shafi ɗaya mai tsawon santimita 30 kuma ya ɗauki sakan 30 daidai. Kwamfuta ta maye gurbin takarda, amma ma'aunin ya zauna. Daren awa 8 ya ƙunshi gaɓa 960, kuma mai karanta gwajin zai ba kowace gaɓa suna ɗaya tak. Idan alamomin mataki biyu suka haɗu a gaɓa guda, wanda ya fi rinjaye shi ke ɗaukar sunan.

5.0 Matakan Ɗaya Bayan Ɗaya

5.1 Farke (W)

Mutumin da ke kwance ido rufe amma bai yi barci ba, ƙwaƙwalwarsa kan fitar da igiyar da ake kira alfa, mai kaɗawa sau 8 zuwa 13 a sakan, wadda ta fi fitowa a ƙeya. Tsokar haɓarsa a ɗaure take. Da wannan ne na'ura ke tona asirin mai likimo.

5.2 Mataki na N1

Idan igiyar alfa ta ɓace a fiye da rabin gaɓa, wasu igiyoyi ƙanana masu kaɗawa sau 4 zuwa 7 a sakan suka maye gurbinta, an shiga N1. Idanu kan riƙa juyawa a hankali, tsoka ta ɗan saki, wani lokaci mutum ya zabura kamar zai faɗa rami. Wannan shi ne gyangyaɗi da rurumi. Ba ya wuce ƴan mintuna a farkon dare, kuma kasonsa kimanin 5 cikin 100 ne na barcin baligi mai lafiya. Wanda aka tasa daga wannan mataki sau da yawa yakan musanta cewa ya yi barci, ya ce ido kawai ya rufe, yana jin duk abin da ake faɗa.

5.3 Mataki na N2

Alamomi biyu ke tabbatar da N2. Ta farko wata tarin igiyoyi ce masu sauri, sau 11 zuwa 16 a sakan, da ke ɗaukar aƙalla rabin sakan. Zanenta siriri ne a farko, ya kumbura a tsakiya, ya sake sirancewa a ƙarshe. Masu bincike sun kira ta da sunan sandar kaɗin auduga a Ingilishi da Faransanci, kuma Hausa tana da kalmar a shirye, wato mazari, domin duk wanda ya ga mazari da zare a jikinsa ya ga fasalin. Alama ta biyu wata babbar igiya ce guda ɗaya mai tashi da faɗuwa, da ake kira igiyar K, wadda kan fito da kanta ko kuma idan an yi wani ƙaramin sauti kusa da mai barcin. A nan bugun zuciya da zafin jiki kan ragu. N2 shi ne mafi yawan barcin baligi, kusan rabinsa. Bincike ya danganta igiyoyin mazari da zaunar da sabon karatu a ƙwaƙwalwa, ciki har da sababbin kalmomin da aka koya da rana.

5.4 Mataki na N3

A nan igiyoyi kan zama manya masu tafiyar hawainiya, daga rabin kaɗawa zuwa kaɗawa 2 a sakan, tsayinsu ya haura maikurobolt 75. Idan irin waɗannan igiyoyi suka cika kashi 20 cikin 100 na gaɓa, wato sakan 6 cikin 30, sunan gaɓar N3. A tsohon tsari na 1968, daga kashi 20 zuwa 50 mataki na 3 ne, abin da ya haura 50 kuma mataki na 4. Wannan shi ne barci mai nauyi na gaskiya, wanda ake kiran mutum ana girgiza shi kafin ya motsa, idan ya tashi kuma ya ɗauki lokaci bai san inda yake ba. A cikinsa ne jiki ya fi sakin sinadarin girma. Yara sun fi kowa samunsa, yana kuma raguwa da shekaru, shi ya sa ake ɗaukar yaro daga tabarma zuwa ɗaki bai sani ba, tsoho kuwa motsin akuya a tsakar gida ya ishe shi farkawa.

5.5 Mataki na R

Harafin R ya fito daga sunan Ingilishi mai ma'anar saurin motsin ido, N kuma tana nufin wanda ba shi ba. Abubuwa uku ke haɗuwa a R: igiyoyin ƙwaƙwalwa ƙanana masu kama da na farkon barci ko na farke, ido mai kai da kawo da sauri, da tsokar haɓa da ta saki fiye da kowane lokaci. Wani lokaci a ga igiyoyi masu fasalin haƙoran zarto. Numfashi da bugun zuciya ba sa tafiya daidai. Tsokokin hannu da ƙafa da wuya kamar an zare musu laka, sai tsokar numfashi da ta ido ke aiki. Mafarkai masu labari da hoto sun fi yawa a nan, ko da yake ana yin mafarki a sauran matakan ma. R yana ɗaukar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na barcin baligi, a jariri sabuwar haihuwa kuwa makamancinsa ya kai kusan rabi.

6.0 Tafiyar Dare

Matakan ba sa zuwa sau ɗaya su wuce. Mai lafiya yakan shiga ta N1, ya wuce N2, ya kai N3, ya dawo N2, sannan ya shiga R. Zagaye ɗaya yana ɗaukar kimanin minti 90, kuma ana yin zagaye 4 zuwa 6 a dare. Rabon bai zama daidai wa daida ba. N3 ya fi yawa a sulusin farko na dare, R kuwa gajere ne a zagayen farko, yana ƙara tsawo har ya fi yawa a sulusin ƙarshe. Wannan ne dalilin da ya sa mafarkin da aka fi tunawa shi ne na goshin asuba.

Wannan tsari yana da ma'ana ga rayuwar yankin Dogarawa. Mai lambun albasa a Galmi da ya tashi tun duhu domin ban ruwa, da matar da ke tashi dafa sahur a watan azumi, ba N3 suke rasawa ba, domin sun riga sun same shi a farkon dare. Barcin R na ƙarshen dare ne ke raguwa. Wanda kuma ya raba dare yana hira, da zarar ya kwanta jiki zai fara biyan bashin N3. Zafi ma yana da tasiri, domin a lokacin R jiki ba ya iya daidaita zafinsa yadda ya saba, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafin rana a wannan yanki kan haura digiri 40, ɗakuna su riƙe zafin har dare, mutane su fito tsakar gida su kwanta.

An taɓa auna wannan a Nijar kanta. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 1990, wani likita Bafaranshe mai suna Alain Buguet da abokan aikinsa a Yamai sun naɗi barcin mutane a lokuta dabam-dabam na shekara, suka tarar kason barci mai nauyi yana ƙaruwa a bazara idan aka kwatanta da lokacin sanyi. Shi ne kuma ya yi fice wajen nazarin cutar barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, inda ya nuna cewa matsalar masu cutar ba yawan barci ba ce kamar yadda sunan ke nunawa. Tsarin ne ke wargajewa, barci ya warwatsu tsakanin dare da rana, kuma maras lafiya ya riƙa faɗawa R tun daga farkon barci. Suna na iya kama alamar da ido ya gani, ya bar ainihin abin da ke faruwa.

7.0 Inda Kalma Ke Zama Kayan Aikin Likita

Gwajin kwana da wayoyi yana da tsada, yana buƙatar wutar lantarki da ƙwararren mai karantawa, don haka ba abu ne na asibitin karkara ba. Abin da ma'aikacin lafiya ke da shi a can shi ne tambaya da amsa. Sanin matakan barci shi ke nuna masa tambayar da zai yi, sanin Hausa kuma shi ke ba shi damar fahimtar amsar.

Kalmar magagi misali ce mai kyau. Uwa za ta ce yaronta yana magagi, amma kalmar ta rufe abubuwa da dama. Idan yaron yana tashi ne awa ɗaya ko biyu bayan kwanciya, ido buɗe, yana kuka ko tafiya ko surutu, bai gane kowa ba, da safe kuma bai tuna komai ba, wannan farkawa ce rabi da rabi daga N3. Ta fi yawa ga yara, yawanci kuma tana wucewa da girma, abin da ake buƙata shi ne a kiyaye shi daga rijiya da wuta da bakin hanya. Idan kuwa gab da asuba ya farka a firgice, ya gane uwarsa, ya ba da labarin abin da ya biyo shi, wannan mugun mafarki ne daga R. Idan abin gajere ne, iri ɗaya kullum, yana maimaituwa, da sandarewa ko fizge-fizge ko cizon harshe, to likita zai yi tunanin farfaɗiya, wadda ke da magani, jinkirinsa kuma yana da haɗari. Tambayoyi biyu ke raba hanya: da wane lokaci na dare abin ke zuwa, kuma yana tunawa da safe?

Dannau ma yana da bayani a wannan rabo. Mutum ya farka, yana gani yana ji, amma ya kasa motsa ko ɗan yatsa, ya kasa kira, ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse, wani lokaci ya ga wata siffa a ɗakin. Sunan ya fito daga aikatau danna, kuma ya siffanta abin da ake ji sarai. A wurin likitoci, sakewar tsoka ta R ce ta biyo mutum zuwa farke, hankali ya riga jiki tashi, guntun mafarki kuma ya haɗu da abin da ido ke gani. Yana ɗaukar sakanni zuwa ƴan mintuna, ya fi samun mai ƙarancin barci da mai kwanciya rigingine, kuma shi kaɗai ba ya cutarwa. Mutane da yawa suna danganta shi da iskoki, wasu kan kwana cikin tsoro su kashe kuɗi wajen nema masa magani. Akwai kuma kishiyarsa, inda tsoka ta ƙi sakewa a R, sai mutum ya riƙa aikata mafarkinsa, ya kai naushi ko shuri. An fi ganin wannan ga maza masu shekaru, kuma yana iya zama alamar farko ta cutar Parkinson mai sa rawar jiki.

Minshari kuwa ana yawan ɗaukarsa shaidar barci ya yi daɗi. Amma idan minsharin yana yankewa, numfashi ya tsaya sakan 10 ko fiye, sannan mutum ya ja shi da ƙarfi kamar an shaƙe shi, to hanyar iska ce ke toshewa. Kowace toshewa kan dawo da shi barci sama-sama, sai ya kwana yana yawo tsakanin N1 da N2, N3 da R su yi ƙaranci. Ya wayi gari a gajiye ko da ya yi awa 8 a kwance. Likitoci na ƙirga yawan tsayawa ko raguwar numfashi a awa ɗaya: daga 5 matsalar ta fara, daga 15 matsakaiciya ce, daga 30 ta yi tsanani. Tana da alaƙa da hawan jini. Mai ita bai san yana yi ba, abokin kwanansa ne shaida.

Ƙarshen irin wannan gajiya shi ne gyangyaɗin rana, kuma a kan babbar hanya ta ɗaya da ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni da Galmi zuwa Maraɗi, wadda manyan motocin albasa da na siminti ke bi dare da rana, gyangyaɗi ba abin wasa ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 67 a sakan 3. Direban da ya shiga N1 na wannan ɗan lokaci zai iya rantsewa bai yi barci ba, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba, haka matakin yake.

8.0 Matsalar Fassara

Mai son rubuta wannan ilimi da Hausa zai ci karo da matsaloli uku. Ta farko kalmar mataki ce kanta. Mataki na tsani ne, yana sa a zaci kowane na gaba ya fi na baya nauyi. Wannan ya yi daidai daga N1 zuwa N3, amma R ba ya kan tsanin. Ta fuskar tsoka ya fi kowanne sakewa, ta fuskar ƙwaƙwalwa kuma ya fi kowanne kusa da farke. Ma'aunin nauyi da nisa, da na Ishmawi, duk ba su da gurbin da za su ajiye shi, domin ba a gina su don wannan ba. Kalmar zango za ta iya fin dacewa, tunda matafiyi kan sauka a zango ya tashi, ya kuma sake biyowa ta kansa.

Ta biyu ita ce harshen da za a fassaro daga gare shi. Ɗalibin likitanci a Sakkwato ya koyi sunan da ke nuni da motsin ido. Takwaransa a Yamai ya koyi sunan da Jouvet ya raɗa, sommeil paradoxal, wato barci mai karo da kansa, ya kuma koyi kiran N1 da N2 barci mai jinkirin igiya maras nauyi, N3 kuma mai zurfi. Tsakanin Ƙonni da Illelar Nijeriya tafiyar ƴan mintuna ce, Hausa ɗaya ake yi, amma idan kowane ɓangare ya fassaro daga harshen karatunsa za a sami sunaye biyu ga abu ɗaya. Kiransa barcin mafarki ya fi sauƙin shiga kunne, sai dai yana ɓoye gaskiyar cewa ana mafarki a wajensa. Barcin motsin ido ya fi tsayawa a kan alamar da ake aunawa.

Ta uku ita ce karin harshe. Takardar wayar da kai da aka rubuta a Kano mai tambayar awa nawa mutum ke barci za ta wuce lafiya a ko'ina. Amma amsar mutumin Dogarawa cewa bai yi kwana ba tana iya rikita ma'aikacin da ya tashi da Hausar gabas, haka ma tambayar ko ya kwana lafiya, wadda kowa zai amsa da lafiya lau domin gaisuwa ce.

9.0 Kammalawa

Rabon likitoci yarjejeniya ce da mutane suka zauna suka tsara, suka kuma gyara. Ƙwaƙwalwa ba ta sauya hali duk bayan sakan 30, kuma babu wata katanga tsakanin kashi 19 da kashi 20. Ko ƙwararrun masu karanta gwajin, binciken da aka yi a kansu ya nuna suna dacewa ne a kimanin gaɓa 83 cikin 100, kuma sun fi saɓawa a kan N1, wato a daidai iyakar da Bahaushe ma ke gardama ko gyangyaɗi barci ne. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanci yadda harsuna ke yanka launuka ko dangantaka, kowanne a inda ya ga dama.

Aikin da ke gaban ɗaliban harshe a bayyane yake. Ana buƙatar tattara kalmomin barci a Adar da Gobir da Sakkwato da Kano, a tantance abin da kowace ke rufewa a bakin masu ita, sannan a zauna da likitocin ɓangarorin biyu na iyaka a daidaita sunayen matakan. Wanda zai ci moriyar wannan aiki shi ne yaron da ake kira mai magagi alhali farfaɗiya ke damunsa, da direban da ya ɗauki minsharinsa shaidar ƙoshin barci.